Daga Bakin Kogin Kaduna Zuwa Gandun Dajin Wata Ƙasa: Yadda Ake Tafiya Aikin Sa-kai na Kare Namun Daji

Wanda ya girma a Tudun Wadar Kaduna ya san zamanin da ba ka ratsawa ta mahauta sai ka ga ungulaye jere a kan rufin kwano, suna jiran a watsar da kayan ciki. Yau je ka tsaya tun hantsi har azahar, da wuya ka ga guda. Ba ƙaura suka yi ba. Guba da masu neman kawunansu don haɗa magani ne suka cinye su, har a 2015 aka saka wannan ungulu tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Rashinsu ne ya fara jawo ni cikin wannan harka, kuma ita ce daga baya ta kai ni tsibirin Sal na ƙasar Cape Verde, inda na yi wata biyu da rabi ina gadin ƙwan kunkurun teku.

Tun da na dawo, matasa ke tare ni da tambaya ɗaya: ta ina ake bi? Ga amsar, iyakar abin da na gani da ido da wanda na koya a hannun na gaba. Amma in abin da kake nema hanyar ficewa daga ƙasa ce, wannan ba ita ba ce. Aiki ne na wa'adi, ba albashi, kuma dawowa ake yi.

Mataki na farko: ka san ƙofar da aka yi dominka

In ka buɗe intanet ka nemi aikin sa-kai na namun daji, abin da zai fara cika maka waya shi ne hotunan samarin Turawa suna ba ɗan biri madara, a ƙasa an rubuta farashi: ɗaruruwan daloli a kowane mako, ban da kuɗin jirgi. Wannan kasuwa ce. Wasu cikinsu na gaskiya ne, da kuɗin baƙi suke ciyar da dabbobi, amma an yanka farashin ne daidai aljihun ɗalibin Ingila ko Amurka. Ɗan Kawo ko Rigasa da ya lissafa shi da naira sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ce abin ba nasa ba ne.

Akwai wata ƙofar, ba a tallata ta da hoto. Ita ce wadda ake ɗaukar mutum don abin da ya iya, a ba shi wurin kwana da abinci, wani lokacin har da tikiti da alawus.

Shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, yana nan tun 1970. Rajista a shafinsu kyauta ce, kuma wanda aka ɗauka zuwa wata ƙasa ana biya masa jirgi da inshorar lafiya da kuɗin zama na wata-wata. Guraben muhalli kan fito ta hannun hukumomin Majalisar irin su UNDP ta raya ƙasashe da UNEP ta muhalli mai hedkwata a Nairobi. Tarayyar Afirka ma tana da nata na matasa, wanda aka ƙaddamar a Abuja a Disambar 2010, ana tura masu digiri 'yan ƙasa da shekara 35 aikin wata 12 a wata ƙasar Afirka. Jamus tana da shekarar sa-kai ta muhalli, FÖJ, ga 'yan ƙasa da shekara 27, kuma baƙo na iya nema, sai dai ba ta yiwuwa sai da ɗan Jamusanci a baka. Wanda ya karanta ilmin halittu a ABU ko KASU ya sa ido kan kwasa-kwasan daji na wata guda da Tropical Biology Association ke shiryawa, domin 'yan Afirka da aka zaɓa kan samu tallafi.

Waɗannan duka gasa ce mai zafi. Akwai kuma ƙananan sansanoni da ba sa biyan tikiti amma suna ba da ɗaki da abinci ga wanda zai daɗe, kuma sau da yawa suna sassauta wa ɗan Afirka in ya tambaya. Irin wannan na samu.

Mataki na biyu: fara a gida, kuma nan ne aikin yake

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba wanda zai ɗauko ka daga Kaduna zuwa Saliyo don kawai ka rubuta cewa kana son dabbobi. Kowa yana rubuta haka. Abin da mai sansani ke nema shi ne shaidar ka taɓa tashi da duku-duku ka yi aiki mai gundura ba tare da an tsaya a kanka ba.

Mafi sauƙin farawa, tsuntsaye. Ba ka buƙatar izinin kowa, ba ka buƙatar shiga daji mai haɗari. Sauke manhajar Merlin ta gane tsuntsaye da eBird ta ajiye jerin waɗanda ka gani, ka nemi aron madubin hangen nesa, ka gangara bakin kogi ta wajen Ƙofar Gamji bayan sallar asuba. Ka zauna sa'a biyu. Rubuta abin da ka gani, nawa ne, ƙarfe nawa: belbela, zalɓe, shirwa, kurciya, carki a bayan shanu. Da farko komai zai yi maka kama da juna, bayan mako shida sai ka fara gane tsuntsu da kukansa kafin ka gan shi. Akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta, wanda talakawa masu waya ke tara wa bayanai. Shiga. Duk jerin da ka tura yana ajiye da sunanka da kwanan wata, kuma bayan shekara kana da abin nunawa wanda ba a iya ƙirƙira shi a shagon kwamfuta.

Ka kula da shamuwa musamman. Iyayenmu sun san in ta sauka damina ta ƙarato. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne in ta bar mu da kaka, gabashi da kudancin Afirka take nufa. Ranar da ka rubuta isowarta a unguwarku, ka shiga aiki ɗaya da wani mai ƙirga a Zambiya.

Wanda ya fi son itatuwa, ga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a Mando: je ka nemi a bar ka ka taimaka a wurin renon dashe, ka koyi cika leda da ƙasa, da yadda ake jiƙa irin da ke da taurin ɓawo, da dalilin da ya sa dashen da ba a ba shi ruwa a rani na farko ba yake mutuwa. Mai bautar ƙasa ya zaɓi rukunin muhalli a hidimar al'umma. Mai ɗan hali ya rubuta wa Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ko masu aiki a Yankari da Gashaka-Gumti, ya nemi ko da wata ɗaya.

Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya zama na tarayya a 1999, shi ne ya kamata ya zama makarantarmu. Kowa ya san abin da rashin tsaro ya yi wa yankin. Kada ka shiga don neman abin rubutawa a CV, sai da izinin hukumar gandun da rakiyarta.

Cikin wannan shekarar ka haɗa da abubuwa huɗu da ke ɗaga mutum sama da tsara: cike bayanai a Excel ba kuskure, amfani da GPS da manhajar taswira ta QGIS wadda kyauta ce, taimakon gaggawa irin wanda Red Cross ke koyarwa, da lasisin tuƙi. In ka iya gyaran babur ko haɗa sola, rubuta shi a sama. A sansanin da ke nesa da gari, mai gyaran janareta ya fi mai digiri biyu daraja ranar da wuta ta ɗauke a firjin magani.

Kada kuma ka raina abin da ka tashi da shi. Rabin aikin kare namun daji zama ne da manoma da makiyaya a kan giwar da ta ci gona ko kurar da ta kama akuya. Wanda ya san yadda ake gaida mai gari, ya san ba a buɗe magana kafin a sha ruwa, yana jin Hausa ko Fulatanci, yana da abin da baƙo daga Turai ba zai saya ba. A Gana da Kamaru da Chadi za ka tarar da zango ana Hausa.

Mataki na uku: zaɓi ƙasa da hankali

Shawarata ita ce tafiyar farko ta tsaya a Afirka ta Yamma. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ya zauna har kwana 90 ba biza. Wannan kaɗai ya cire maka rabin wahala. A Saliyo akwai Tacugama kusa da Freetown, inda tun 1995 ake renon birran chimpanzee da aka ƙwato daga hannun masu fataucinsu. Gambiya aljannar masu tsuntsaye ce. Gana tana da gandun Mole, kuma ana zuwa ta mota: Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao. Cape Verde tana cikin manyan wuraren da kunkurun teku ke ƙwai a duniya, daga Yuni zuwa Oktoba.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma batun tsaro a can ba na wasa ba ne. A Kure, kusa da Yamai, inda raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma ke kiwo a tsakanin gonaki, an kashe mutum takwas a Agustan 2020, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu. Zuciyata tana wurin nan, amma ba zan tura ɗan kowa ba yanzu.

Gabas da kudu sai an ƙara shiri. Ƙasashe irin su Namibiya da Afirka ta Kudu ba sa ɗaukar aikin sa-kai a matsayin yawon buɗe ido, akwai izinin da ya dace da shi. Duk ƙungiyar da ta ce ka shigo da bizar yawo ka yi shiru a filin jirgi, ta nuna maka halinta tun kafin ka je.

Mataki na huɗu: tantance su kafin su tantance ka

Nan nake so ka dakata.

Akwai masu cin kuɗin mutane, akwai kuma masu cin amanar dabbobi. Na farko sun taɓa gidanmu. Wani ejan a cikin garin nan ya karɓi kuɗin ƙanin matata da sunan gurbin aikin gandun daji a Turai, har da takarda mai tambari da sa hannu. Kuɗin ɗinkin mahaifiyarsa ne na shekaru. Da muka rubuta wa ƙungiyar da sunanta ke kan takardar, suka ce ba su taɓa jin labarinsa ba. Saboda haka: ba ejan a wannan harka. UNV da Tarayyar Afirka ba sa karɓar ko kwabo a kowane mataki. Saƙon da ya zo ta WhatsApp yana cewa ka biya kafin jibi, ko asusun da za a tura kuɗin na mutum ne ba na ƙungiya ba, rufe shi. Wanda ya ce zai riƙe maka fasfo, ko a bi ta Agadas, wannan maganar hukumar yaƙi da fataucin mutane ce, NAPTIP.

Na biyun sun fi wuyar ganewa, don wurin yana nan, dabbobin ma suna nan. A Afirka ta Kudu an daɗe ana kiwon zakuna a keji, a raba jarirai da uwa, a ce wa baƙi marayu ne su biya su rena. In sun girma ba daji ake mayar da su ba, mafarauta masu kuɗi ake sayar wa su harbe a cikin shinge, ƙasusuwa kuma a yi fataucinsu. A 2021 gwamnatin ƙasar da kanta ta bayyana niyyar kawo ƙarshen wannan sana'a. Ƙa'idar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce: duk inda baƙon jiya zai rungumi ɗan zaki, ya hau giwa, ko ya ɗauki hoto da biri a kafaɗa, ba wurin kare dabba ba ne. A wurin gaskiya, yawancin yininka share keji ne, yanka 'ya'yan itace, gyaran shinge da rubutu.

Tura musu tambayoyi kai tsaye. Daga ina dabbobin suka zo? Kuna barinsu su hayayyafa, don me? Nawa kuka mayar daji? Mutum nawa 'yan garin ke aiki da albashi? In wurin birrai ne, duba ko yana cikin PASA, ƙawancen wuraren renon birrai na Afirka, jerin mambobinsu a bayyane yake. Sannan ka roƙi a haɗa ka da wanda ya taɓa zama a can, in da hali ɗan Afirka, ka kira shi. Tambaye shi abinci, tambaye shi ko ɗakin baƙar fata da na Bature ɗaya ne.

Mataki na biyar: wasiƙa

Gajera. Wane ne kai, me ka yi da adadi, wane wata kake da sarari, tsawon wane lokaci. Maimakon ka ce kana ƙaunar muhalli, ka ce ka yi safiya 40 kana ƙirga tsuntsaye a bakin Kogin Kaduna, ga mahaɗin jerinka. Haɗa da sunayen mutum biyu da suka ga aikinka. Faɗi gaskiya cewa ba za ka iya biyan kuɗin baƙi ba, ka tambaya ko akwai gurbin mai dogon zama. Fara nema wata shida kafin lokaci, ka rubuta wa wurare goma, kada shirun takwas ya karya maka gwiwa.

Mataki na shida: takardu da allurai

Fasfo ta shafin hukumar shige da fice ake nema, da lambar NIN, kuma sunanka da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a ko'ina, don nan ne mutanenmu suka fi maƙalewa. Daga Satumbar 2025 mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000. Wa'adin fasfon ya rage aƙalla wata shida bayan ranar dawowarka.

Katin rigakafin shawara daga jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa ake karɓa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, amma tun 2016 sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Kada ka sayi katin ba allura, kanka ka cuta. Mai taɓa dabbobi ya yi rigakafin haukan kare kafin tafiya, zuwa biyu ne, yau da kuma bayan kwana 7. Ko da shi, in an cije ka ko an yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 sannan ka nufi asibiti. Sabunta allurar tetanus. Wuraren birrai za su nemi gwajin tarin tibi, saboda tarin mutum yana kashe su. Wasu kan nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Inshorar lafiya kuma ka karanta ta da kyau, ka tabbata ta haɗa da ɗauko mara lafiya daga daji.

Ko ƙasar ba ta buƙatar biza, riƙe wasiƙar gayyata a buge a takarda, da tikitin dawowa, da lambar wanda zai tarbe ka. Koren fasfo yana jawo tambayoyi. Amsa a natse.

Mataki na bakwai: gida

A wajenmu kalmar 'yan sa-kai tana nufin masu ɗaukar bindiga su bi ɓarayin daji. Ranar da na gaya wa mahaifina zan tafi aikin sa-kai, fuskarsa ta canza. Na ce, "Baba, ba irin na Birnin Gwari ba ne. Ƙwan kunkuru za mu yi gadi a bakin teku." Ya yi shiru, can ya ce, "To wa zai ciyar da kai, kuma a ina za ka yi salla?" Tambayoyin nan biyu su ne na kowane uba, ka je da amsarsu a hannu, tare da wasiƙar da lambar wayar sansanin. Kada ka tafi ba albarkarsu.

Tambayi sansanin tun kana gida ko za ka iya dafa naka. A Cape Verde abincin kowa cachupa ne, dafaffen masara da wake, kuma sau da yawa da naman alade a ciki, don haka na koma kifi da shinkafa. Duba kalanda ko azumi zai faɗo a tsakiyar aikin, ka faɗa musu da wuri a sauya maka zuwa aikin dare. Ɗan'uwa Kirista ma ya tambaya ko ana hutun Lahadi. Ke kuma 'yar'uwa, tambayi tsarin kwana dalla-dalla, don sansanoni da yawa ɗaki ɗaya suke zuba maza da mata. In za ki samu abokiyar tafiya ku nema tare, ya fi kwanciyar hankali gare ki da iyaye.

Jaka kuwa kada ta yi nauyi: takalmi sawu-ciki da ka riga ka taka ya saba da ƙafarka, tocilar goshi, fawa bank, gidan sauro, maganin zazzaɓi, yaji da ƙuli-ƙuli. Kilishi ka bar shi, ƙasashe da yawa suna ƙwace nama a filin jirgi. Canza kuɗi kafin ka tashi, ka ware na komawa gida wanda ba ka taɓawa.

Mataki na takwas: in ka sauka

Makon farko na kunne ne. Mutanen garin da ke aiki a wurin sun fi ka sanin komai, ko da ba su yi boko ba.

Darena na huɗu a Sal na fara ganin kunkuru. Muna tafe a yashi ba fitila, sai abokin sintirina, wani tsohon masunci, ya dafa kafaɗata ya nuna ƙasa: sawu mai faɗi kamar na tayar tarakta ya fito daga ruwa. Muka durƙusa a bayanta, ba motsi. In ta ji mutum kafin ta fara ƙwai, juyawa take ta koma teku. Ta haƙa rami da ƙafafun baya, tana ɗebo yashi kamar mai awo da tafin hannu. Sai da ƙwai suka fara sauka, farare masu laushi kamar ƙwallon tebur, sannan ya kunna jar tocila, muka auna bayanta da tef, na rubuta lamba da wuri. Tana numfashi da ƙarfi kamar mai ɗauke da kaya. Wajen wata biyu ƙwan nan za su yi a ƙasa, kuma zafin yashi ne zai yanke ko maza za su fito ko mata. Sauran dararen da yawa ba mu ga komai ba sai iska da sanyi, kuma su ma sai an rubuta su, don sifili ma bayani ne.

Rubuta abin da ka gani kawai. In ka manta awo, ka ce ka manta. Kada ka sa hoton dabba a Facebook da alamar wurin, mafarauta ma suna da waya. Kada ka sayi tsaraba ta hauren giwa, ƙoƙon kunkuru ko fatar damisa, dokar CITES ta ƙasa da ƙasa kan fataucin namun daji ta hana, kuma kama mutum ake yi.

Mako biyu kafin ka taso, nemi wasiƙar shaida daga shugaban sansanin, wadda ta faɗi ayyukan da ka yi da kwanakinsu, a sa hannu kana tsaye, domin in ka bar wurin sai ka yi ta bin sawu da imel. Fita kafin kwanakinka su cika. Wanda ya wuce wa'adi ya rufe ƙofa ga ɗan Najeriyar da zai nema bayansa. Da wannan wasiƙar ake neman digiri na biyu a APLORI, da ita ake neman ƙaramin tallafin Gidauniyar Rufford don fara aiki a gida. Nawa aikin yanzu shi ne zagaya mahautun Kaduna da Zariya duk Asabar ɗin farkon wata, ina tambayar tsofaffin mahauta yaushe rabonsu da ganin ungulu, ina rubutawa.